Yadda Sacramento Kings ta ƙaryata masu hasashe a kakar 2022-23

Kafin a fara kakar 2022-23 ta NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a watan Oktoba, kamfanonin caca na Amurka sun ƙiyasta cewa Sacramento Kings za ta ci wasa 33 zuwa 35 ne daga cikin 82. A yankin Yamma mai ƙungiyoyi 15, wannan adadi na nufin matsayi na goma ko na sha ɗaya. Da aka rufe kaka a watan Afrilu, Kings na da nasara 48 da rashin nasara 34. Ita ce ta uku a Yamma, bayan Denver Nuggets da Memphis Grizzlies, kuma ta ɗauki kambin rukunin Pacific karon farko tun 2003. Tazarar wasa goma sha wani abu tsakanin hasashe da abin da ya faru ba ƙaramin kuskure ba ne a gasar da ake auna komai da alƙalami, don haka ya kamata a zauna a ga daga ina waɗannan nasarori suka fito.

Masu hasashen ba su yi wauta ba. Rabon Kings da shiga zagayen fitar da gwani tun 2006, lokacin da San Antonio Spurs ta cire ta a matakin farko. Kaka 16 a jere ke nan, kuma babu ƙungiyar da ta taɓa daɗewa haka a waje a tarihin NBA. Bayan tafiyar koci Rick Adelman a 2006, koci 11 ne suka riƙe ƙungiyar, ciki har da na riƙon ƙwarya, babu wanda ya ci rabin wasanninsa a kaka guda. Wanda ya fi matsowa kusa shi ne Dave Joerger da nasara 39 a 2018-19, shi ma aka sallame shi. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 2018 Kings ce ke da damar zaɓe ta biyu, ta ɗauki Marvin Bagley III ta bar Luka Dončić, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan taurarin gasar. Kakar 2021-22 kuwa ta ƙare da nasara 30 kacal, bayan an kori Luke Walton tun a Nuwamba.

Sai kuma cinikin da ya sa jama'a suka ƙara yanke ƙauna. Ranar 8 ga Fabrairun 2022 manajan ƙungiyar, Monte McNair, ya aika Tyrese Haliburton da Buddy Hield da Tristan Thompson zuwa Indiana Pacers, ya karɓo Domantas Sabonis da Justin Holiday da Jeremy Lamb. Haliburton na da shekara 21 a lokacin, magoya baya na ganin shi ne makomarsu. Masu sharhi da yawa sun ɗauki cinikin a matsayin sayar da akuyar haihuwa don a ci tuwon yau. Hujjar McNair ita ce yana da masu rabon ƙwallo uku, De'Aaron Fox da Haliburton da Davion Mitchell, ga shi kuma ba shi da dogon ɗan wasan da za a gina hari a kansa. Wasa 15 kawai Sabonis ya buga wa Kings kafin waccan kakar ta ƙare, don haka masu lissafi ba su da abin da za su auna haɗinsa da Fox da shi.

Abin da aka sauya a lokacin hutu

A watan Mayu aka ɗauki Mike Brown a matsayin koci. Yana mataimakin Steve Kerr ne a Golden State Warriors, kuma sai da ya tsaya aka ɗauki kofin 2022 kafin ya koma Sacramento. Masu bin ƙwallon kwando a Najeriya sun san shi farin sani, domin shi ne kocin tawagar Najeriya, D'Tigers, da suka doke Amurka da ci 90 da 87 a wasan share fage a Las Vegas ranar 10 ga Yulin 2021, gabanin gasar Olamfik ta Tokyo. A Kings ya tarar da Chimezie Metu na wannan tawaga, ya kuma kawo KZ Okpala. Sunan da Brown ya yi tun zamaninsa a Cleveland na kocin tsaron gida ne. Shi ya sa aka zaci zai ɗan gyara bayan Kings, harin kuma ya zauna yadda yake. Akasin haka aka gani.

Ban da koci, mutum uku aka ƙaro masu muhimmanci, kuma duk ukun sana'arsu ɗaya, jifa daga nesa. An ɗauki Keegan Murray na jami'ar Iowa a matsayi na huɗu a zaɓen watan Yuni, alhali mutane da dama na ganin Jaden Ivey ya fi shi hazaƙa. An karɓo Kevin Huerter daga Atlanta Hawks, aka ba da Holiday da Maurice Harkless da damar zaɓe ɗaya ta zagayen farko. Malik Monk ya zo daga Lakers kan kwantiragin shekara biyu na kusan dala miliyan 19. Shi da Fox sun yi wasa tare a jami'ar Kentucky. Idan aka ɗauki kowannensu shi kaɗai aka ɗora a sikeli, babu wanda zai ce ya kai ya ƙara wa ƙungiya nasara biyar. A nan ne lissafin masu hasashe ya sami tangarɗa, domin yawanci suna tara darajar kowane ɗan wasa ne bisa abin da ya yi a bara, a wata ƙungiya, ƙarƙashin wani tsari daban.

Yadda harin yake tafiya

Gishirin tsarin Brown shi ne miƙa ƙwallo hannu da hannu. Sabonis ba ya tsayawa ƙarƙashin kwando yana jiran a ba shi. Yakan fito ya karɓi ƙwallo a kusurwar layin jifan kyauta ko a saman da'irar maki uku, wadda ke da nisan mita 7.24 daga kwando. Murray da Harrison Barnes kan buɗe zuwa kusurwoyin fili, inda layin ya fi kusa, mita 6.71. Huerter kan taso da gudu daga gefe, ya bi ta jikin Sabonis har kafaɗarsu ta gogi juna, ya karɓi ƙwallon daga hannunsa. A daidai wannan lokaci Sabonis kan juya faffaɗan jikinsa ya zama katanga tsakanin Huerter da mai tsaronsa.

Abokan hamayya na da zaɓi uku, kowanne da hasararsa. Idan mai tsaron Huerter ya zagaya ta bayan katangar don ya tare shi a gaba, Huerter ya sami taki biyu na sarari, kuma mutum ne da ya jefa kashi 40 cikin ɗari na jifansa na maki uku a wannan kakar. Idan ya bi shi a guje ta sama, to dole dogon da ke tsaron Sabonis ya fito ya tare Huerter, sai Sabonis ya gangara kwando babu kowa a gabansa, ko kuma wani daga kusurwa ya taho taimako ya bar Murray shi kaɗai. Idan kuwa mai tsaron ya riga ya tsaya a hanya don ya hana Huerter zuwa karɓar ƙwallon tun farko, sai Huerter ya yi kamar zai zo, ya juya ya yanka ta baya zuwa kwando, Sabonis ya cilla masa ƙwallon ta ƙasa. Wani lokacin ma Sabonis kan miƙa hannu kamar zai ba da ƙwallon, ya riƙe abarsa, ya juya ya nufi kwando da kansa.

Ba kowane dogo ne zai iya wannan aiki ba. Ana bukatar mai ƙarfin da katangarsa za ta tsayar da mutum, mai idon da zai ga yankan baya kafin ya auku, mai hannun da zai saki ƙwallo a daidai lokacin. Sabonis, ɗan shahararren ɗan wasan Lituweniya Arvydas Sabonis, ya haɗa duk ukun. Ya ƙare kakar da matsakaicin maki 19.1 a wasa, ya fi kowa a NBA cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando da 12.3, yana kuma miƙa ƙwallon da aka ci maki da ita sau 7.3, adadin da ya fi na Fox, wanda shi ne mai rabon ƙwallo na asali. A Indiana yana raba fili ne da wani dogon, Myles Turner, suna takura juna. A Sacramento aka kewaye shi da majefa huɗu aka ce bismilla.

Brown ya ɗora wa tsarin wata ƙa'ida da ya taho da ita daga Golden State: duk wanda ƙwallo ta zo hannunsa, cikin rabin daƙiƙa ya yanke shawara, ko ya jefa, ko ya miƙa, ko ya kutsa. Amfaninta shi ne ɗan sararin da katangar Sabonis ta samar ba ya wuce daƙiƙa guda. Mai ƙwallo na tsayawa yana buga ta ƙasa sau biyu, masu tsaro sun koma mazauninsu, an koma farko, agogon daƙiƙa 24 da ake ba kowane hari kuma na ci. Kings ta fi kowace ƙungiya amfani da miƙa hannu da hannu a wannan kaka. Ta ci matsakaicin maki 120.7 a wasa, mafi yawa a gasar, kuma a ma'aunin da ya fi adalci, wato maki nawa ake ci a kowane hari 100, ta sami 118.6, wanda a lokacin babu ƙungiyar da ta taɓa kai shi a tarihin NBA.

Fox ne ya fi kowa cin moriyar buɗewar filin. Gudunsa ba sabon abu ba ne, amma a shekarun baya yana kutsawa ne ya tarar da mutum uku na jiransa, saboda ba a tsoron majefan da ke gefensa. Yanzu hanya ta buɗe. Ya kuma ƙware a ɗan gajeren jifa daga tsakanin layin jifan kyauta da kwando, inda yakan taka birki kwatsam mai tsaronsa ya wuce. Ya ci maki 25 a wasa, fiye da rabin jifansa na shiga. A mintuna biyar na ƙarshe idan tazara ba ta wuce maki biyar ba, tsarin miƙa hannu kan ja baya a bar Fox da ƙwallo. Ya fi kowa cin maki a irin wannan yanayi, kuma shi ne mutum na farko da aka ba sabuwar kyautar Jerry West ta gwanin ƙurarren lokaci.

Tafiyar kakar

An fara da faɗuwa huɗu a jere, kowa ya ce ga shi nan dai, halin nan ne. Nasarar farko ta zo ne kan Miami Heat a ƙarshen Oktoba, kuma a daren aka fara kunna wani haske mai launin shuɗi-ja daga saman filin gidan Kings, Golden 1 Center, zuwa sararin sama, wanda ya zama al'ada bayan kowace nasara har magoya baya suka riƙa rera kiran a kunna shi tun wasa bai ƙare ba. Cikin Nuwamba aka ci wasa bakwai a jere, ciki har da ragargazar Brooklyn Nets da ci 153 da 121 a wasan da aka nuna wa duk ƙasar. Ranar 24 ga Fabrairun 2023 Kings ta doke Clippers a Los Angeles da ci 176 da 175 bayan ƙarin lokaci sau biyu. Monk ya taso daga benci ya ci 45, Fox ya ci 42. Wasa ɗaya ne kawai a tarihi ya fi wannan yawan maki, na Detroit da Denver a 1983. Ranar 29 ga Maris a Portland aka tabbatar da gurbin zagayen fitar da gwani da ci 120 da 80, kuma a wasan ne Murray ya karya tarihin Donovan Mitchell na yawan jifan maki uku a shekarar farko. Ya ƙare da 206.

Akwai tambayar da ya kamata a yi wa duk ƙungiyar da ta zarce hasashe: shin ta yi ta tsallake rijiya da baya ne a wasannin kusa da kusa? Ana gane wannan ta tazarar maki. A ƙa'idar da masu lissafin NBA ke amfani da ita, kowane maki ɗaya na matsakaicin tazara a wasa na daidai da nasara biyu da rabi zuwa uku a kan 41, wato rabin wasa 82. Kings na fin abokan karawarta da kimanin maki 2.6 a wasa, wanda ke ba da nasara 47 ko 48. Ke nan abin da ta samu shi ne abin da wasanta ya cancanta. Ta ma fi cin wasa a waje, 25, a kan gida, 23, kuma babu ƙungiyar Yamma da ta kai ta nasarar waje.

Inda rabo ya shigo shi ne lafiya, kuma wannan ne ɓangaren da magoya baya ba su cika son ji ba. Barnes ya buga duk wasa 82, Murray 80, Sabonis 79, Fox 73. Biyar ɗin farko, Fox da Huerter da Murray da Barnes da Sabonis, sun fi kowace biyar a NBA yawan mintocin da suka yi tare. Ga tsarin da ya dogara da sabo, inda mai miƙa ƙwallo ke bukatar sanin takun mai karɓa, wannan babbar riba ce. Wani ɓangare na lafiyar ma juriya ce, domin Sabonis ya samu tsagewar ƙashi a babban yatsan hannun dama a ƙarshen Disamba, ya huta wasa ɗaya, ya ci gaba da yatsan a ɗaure har ƙarshen kaka. A ɗaya gefen, manyan Yamma sun sha jinya. Stephen Curry na Warriors ya buga wasa 56, LeBron James 55, Anthony Davis 56, Kawhi Leonard 52, Devin Booker 53, Zion Williamson da Karl-Anthony Towns 29 kowannensu. A shekarar da waɗannan ke tsaye, nasara 48 ba ta kai mutum matsayi na uku. Babu mai hasashen da zai iya sanin wannan a watan Oktoba, kuma ba daidai ba ne a ɗora musu laifinsa. Laifin da za a iya ɗora musu shi ne rashin ganin dacewar Sabonis da majefan da aka tara masa.

A ƙarshen kaka aka zaɓi Brown gwarzon koci, kuma shi ne na farko da duk masu ƙuri'a 100 suka sa a gaba. McNair ya zama gwarzon manaja. Fox da Sabonis sun shiga jerin gwanaye na uku na NBA.

Inda tsarin ya tsage

Duk tsawon kakar akwai lamba ɗaya da ba ta gyaru ba. Ana cin Kings maki 116 a kowane hari 100, ita ce ta 24 cikin 30 a tsaron gida. Sabonis ba mai tare jifa a bakin kwando ba ne, hannuwansa ba su da tsawon na sauran dogaye, kuma babu wani a biyar ɗin farko da za a ɗora wa babban ɗan wasan abokan hamayya a kwana lafiya. Brown ya yi amfani da wata sarƙar wuya da ake rataya wa wanda ya fi tsaro bayan kowace nasara, don ya sa wa yaran sha'awar aikin, amma kayan aikin da yake da su na hari ne.

A matakin farko na fitar da gwani, inda ake neman wanda zai fara cin huɗu cikin bakwai, Kings ta haɗu da Warriors masu riƙe da kofi, mutanen da suka san Brown ciki da bai. Kings ta ci biyun farko a gida, 126 da 123 sannan 114 da 106. Fox ya ci maki 38 a wasansa na farko a wannan mataki. A wasa na biyu Draymond Green na Warriors ya taka ƙirjin Sabonis, aka kore shi, aka kuma dakatar da shi wasa guda.

Abin da Warriors suka yi wa tsarin mai sauƙin faɗa ne. Kevon Looney, mai tsaron Sabonis, ya daina fitowa. Ya ja baya ya tsaya kusa da kwando, ya bar wa Sabonis fili ya jefa in ya ga dama. Su kuma masu tsaron Huerter da Murray suka riƙa tsayawa a samansu, tsakaninsu da Sabonis, don kada su iso wurin karɓar ƙwallo. A da maganin wannan shi ne yankan baya, amma yanzu duk wanda ya yanka Looney zai tarar yana jiransa. Ƙofa ɗaya ta rage, Sabonis ya yi ta jefawa daga mita huɗu ko biyar har a tilasta wa Looney fitowa, shi kuwa ba jifan da ya saba dogara da shi ba ne, ga yatsa a ɗaure. Ya riƙa jinkiri da ƙwallo a hannu, ƙa'idar rabin daƙiƙa ta mutu. Huerter, mai kashi 40 a kaka, ya faɗo zuwa kusan kashi 20 a jerin wasannin. A cikin kaka ƙungiya na haɗuwa da Kings ne yau, gobe ta wuce wani gari, ba ta da lokacin shirya irin wannan tarko. A nan kuwa mako biyu Kerr da mataimakansa suka yi ba su da wani aiki sai Sabonis.

Duk da haka saura ƙiris. A wasa na huɗu a San Francisco, Warriors na gaba da maki ɗaya, 126 da 125, ƙwallo na hannun Fox, mutum biyu suka rufe shi, ya miƙa wa Barnes wanda ke da sarari a bayan layin maki uku, jifan ya daki ƙarfe ya fito. Da ta shiga Kings za ta koma gida tana da uku da ɗaya. A wannan wasan ne kuma Fox ya karya kan yatsansa manuni na hagu, hannun da yake jifa da shi, ya ƙarasa sauran wasannin a haka. Warriors ta ci na biyar a Sacramento. A na shida Brown ya rage dogaye, ya ƙara gudu, ya ba Monk da Trey Lyles da Terence Davis mintoci, Kings ta je gidan Warriors ta ci 118 da 99.

A wasa na bakwai ranar 30 ga Afrilu Kings ce a gaba da hutun rabin lokaci, 58 da 56. A zango na uku Warriors ta sake cafke ƙwallon da ta jefa ba ta shiga ba har sau 13, kowace cafka kuma sabon hari ne ga Curry. Looney ya ƙare da cafka 21, karo na uku ke nan da ya kai 20 a jerin. Curry ya ci maki 50, adadin da ba a taɓa ci a wasa na bakwai ba kafin ranar. Aka tashi 120 da 100.

Kakar da ta biyo baya Kings ta riƙe kusan duk mutanenta, ta ci wasa 46, biyu kacal ƙasa da na bara. Amma Yamma ta warke, nasara 46 ta ajiye ta a matsayi na tara. Huerter da Monk duk sun ji rauni a watan Maris, lafiyar da aka mora a bara ba ta maimaitu ba. A wasannin neman cike gurbi ta fitar da Warriors, New Orleans Pelicans kuma ta fitar da ita. Ranar 27 ga Disambar 2024, ƙungiyar na da nasara 13 da faɗuwa 18, aka sallami Brown. A Fabrairun 2025 Fox ya koma San Antonio, a Afrilu McNair ya bar aiki, a watan Yuni kuma Haliburton ya kai Indiana wasa na bakwai na ƙarshen gasar NBA.